Taswirar bangon da ta bar Kaduna a zamanin masaƙu

A farkon zango na biyu na sayi wata taswirar bango a wani kantin littattafai da ke kan titin Ahmadu Bello, domin in koya wa 'yan aji biyu na babbar sakandare yadda ayyukan yi suka rarrabu a shiyyoyi shida na Najeriya. Ta fuskar bugu ba ni da ƙorafi, domin takardar mai kauri ce, an lulluɓe ta da leda, launukan sun fito sarai yadda ɗalibin da ke bencin ƙarshe zai bambance Arewa maso Yamma da Arewa ta Tsakiya, kuma ƙurar hunturu idan ta hau ta, tsumma mai laima ya isa.

Matsalar tana cikin abin da aka zana. A kan Kaduna an ɗora hoton masaƙa mai fitar da hayaƙi, kuma ban gama rataye taswirar ba sai wata ɗaliba 'yar Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kakana ya yi aiki a wannan masaƙar, yanzu ciyawa ta cinye wurin." Gaskiya ta faɗa. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL), wadda ta fara aiki a 1957, an rufe ta tun 2002, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) kuma ta dakatar da aiki a 2007, ma'aikatan da aka sallama suka watsu, wasu suka kama acaɓa, wasu suka kafa tebur a kasuwa, wasu suka koma gona. Duk wanda ya leƙa kasuwar Panteka ta Kaduna ya ga masu walda da kafintoci da yaran da ke koyon sana'a a hannunsu, ya san inda aikin hannu ya koma a garin nan, amma ko ɗigo ba a yi wa wurin ba.

Haka aka yi wa yankin Neja Delta, inda aka cika shi da hoton rijiyoyin mai. Man fetur shi ne ke kawo wa ƙasa mafi yawan kuɗin waje, sai dai mutanen da yake ɗauka aiki kaɗan ne ƙwarai, kuma akasarin mazauna yankin da kamun kifi da noman rogo da kwakwar manja da fatauci suke ci. A nan na gane cewa mai zanen ya cakuɗa abin da yanki ke samarwa da abin da mutanensa ke yi.

Inda ta dace, dole in yaba. Ta nuna takalman Aba, da kayan gyaran mota na Nnewi, da kasuwar Onitsha, da tashar jiragen ruwa ta Apapa, da noman koko na Ondo, har ma da cittar Kachiya, wadda ban yi zaton za a tuna da ita ba.

Babban giɓin shi ne ciniki da hidima. Rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna cewa fiye da tara cikin goma na masu aiki suna ɓangaren da ba shi da rajista ko albashin wata, wato masu shago da teloli da direbobin Keke Napep da masu POS da matan da ke soya ƙuli-ƙuli a cikin gida. Babu ɗayansu a taswirar, kamar yadda babu shekarar bugu a jikinta, kuma da na koma na tambayi mai kantin ko akwai sabuwa, ya ce wannan ce kaɗai ake kawo musu.

Malamin firamare da ke son yara su san sunayen jihohi da amfanin gonarsu zai more ta. Ni kuwa na bar ta a bango, amma na liƙa farar takarda a kan hoton masaƙar, na sa kowane ɗalibi ya rubuta sana'ar da ake ci da ita a gidansu. Takardar ta cika kafin a buga ƙararrawa, kuma babu wanda ya rubuta masaƙa.