Saki da fasakhi a mazhabar Malikiyya

Saki yana hannun miji, kuma ingantaccen aure yake kwancewa. Igiya ɗaya ke tsinkewa cikin uku, in kuma ba a sadu ba, rabin sadaki na matar ne.

Fasakhi kuwa shi ne rushe auren da tun ɗaurinsa ɓatacce ne. Wanda malamai suka haɗu a kan ɓacinsa, kamar auren 'yar'uwar shayarwa, mace ta biyar ko mai idda, ba ya cin igiya, kuma kafin saduwa ba ta da ko kwabo na sadaki. Wanda suka yi saɓani a kansa, irin auren da babu waliyyi, ana ƙirga shi saki.

Auren mai idda ya fi haɗari: in sun sadu, ta haramta gare shi har abada. Saboda haka waliyyai su bincika ranar da tsohon mijin ya sake ta kafin a raba goro.