Sharhi: Kulocin Land Cruiser bayan canjin giya, da garejin da ya gano ciwon

Wannan sharhi a kan abu biyu ne: aikin wani gareji a Kano da ya gyara min kulocin motata, da kuma saitin kuloci na Aisin da aka saka mata a wurin. Na gamsu da duka biyun, ko da yake garejin yana da halayen da ya kamata mutum ya sani kafin ya kai motarsa.

Motar Land Cruiser 79 ce, a-kori-kura, mai injin dizal 1HZ, lita 4.2, silinda shida. Da ita nake shiga ƙauyukan arewacin Jigawa da Yobe sayen riɗi da zoɓo, wuraren da hanya rairayi ce zalla da rani, taɓo kuma da damina. Masu irin wannan mota sun san cewa tsohuwar 75 mai wannan injin da giyar H55F take zuwa, sai a 1999 da 78 da 79 suka fito aka koma R151F. Tawa ta sha lodi shekara da shekaru har ta gaji, ta fara ƙugi a lamba biyar. Maimakon a yi ta faci, na sayi H55F ta beljiyam haɗe da okzilarinta (akwatin da ke raba ƙarfi ga ƙafafun gaba da na baya) da kwanon da ke haɗa ta da injin, wani bakanike a garinmu ya ɗora. Sai da aka gyara tsawon furofela da wurin zaman giyar kafin komai ya zauna.

Giyar kanta lafiya lau. Kuloci ne ya ƙi. In injin a kashe yake, kowace lamba tana shiga sumul. Da an tayar, lamba ɗaya sai da ƙarfi, ribas kuwa sai ka ji ƙarrr kamar haƙoranta za su zube. Ko ka take kuloci har ƙasa, motar tana ɗan jan jiki gaba. A kwalta mutum zai iya lallaɓawa. A rairayi kuwa babu hali, domin in ƙafa ta fara nutsewa, abin da ke fitar da kai shi ne saurin sauyawa tsakanin lamba ɗaya da ribas, ka ɗan yi gaba ka ɗan yi baya har ka samu tudu. Giyar da sai an yi kokawa da ita kafin ta shiga, kafin ka gama motar ta zauna a kan cikinta.

Bakaniken farko ya fitar da iska daga bututun man kuloci, bai yi ba. Ya canja masta ta sama, wadda ke tura mai in an take feda, ya canja ta ƙasa, wadda man ke turawa ta saki kuloci, shiru. Daga ƙarshe ya yi abin da ake yawan yi: ya yi wa sandar masta ta ƙasa walda, ya ƙara mata tsawo. Giya ba ta daina ƙara ba, sai ma wani sabon ciwo ya ƙaru: in na hau tudu da kaya, injin na ihu mota ba ta tafiya, ga warin ƙuna.

Abin da ya fara burge ni a garejin na Kano shi ne, mai garejin bai ɗauki sifana ba sai da ya gama tambayoyi. Yaushe abin ya fara? Wane kuloci aka mayar, tsohon ko sabo? An taɓa filawil, wato faifan ƙarfen bayan injin da kuloci ke kamawa? Ya shiga ya take fedar sau da yawa a jere, sannan ya gwada ribas. Ya ce min: “Alhaji, da iska ce, da na matsa haka sai ta ɗan yi sauƙi. Ba ta canja ba.” Ya sa yaronsa ya take, shi kuma ya kwanta a ƙasa da ma'auni yana duba nisan da cokalin kuloci, ƙarfen da masta ta ƙasa ke turawa, ke tafiya. Tafiyar ta isa. Ke nan man birkin da ke cikin bututun yana aikinsa, matsalar tana ciki. Daga nan ya sa aka tayar da injin, ya kasa kunne yana take fedar a hankali. Ya bayyana min cewa boris ɗin da ke danna diski, wato murfin da ke matse filet ɗin kuloci a jikin filawil, yana fara kuka ne da zarar ƙafa ta ɗan taɓa feda, amma ƙaramin boris da ke tsakiyar filawil, wanda kan sandar giya ke zama a cikinsa, sai an take har ƙasa yake magana. Tawa a ƙasa take kuka.

Bayanin da ya yi kan sandar da aka yi wa walda ya kamata duk mai mota ya ji shi. Nisan da masta ta ƙasa ke turawa ya dogara ne ga yawan man da ta sama ta aiko mata da kuma faɗin cikinta. Ƙara wa sanda tsawo ba ya ƙara man. Abin da yake yi kawai shi ne mayar da fistin baya, in kuma tsawon ya yi yawa har fistin ya ƙure, sai cokali ya riƙa danna diski dare da rana ko ba ka taɓa feda ba. Daga nan kuloci ke fara zamewa, boris ya yi zafi, filet ya ƙone. Shi ne warin da nake ji a tudu.

Da aka sauke giyar, maganarsa ta tabbata. Ƙaramin boris ya fashe ya cije, don haka ko an saki filet, injin yana ci gaba da juya sandar giya ta wurinsa. Filet ɗin kuma ya ɗan lanƙwashe a tsakiya. Ya ce wannan alama ce ta an ja giyar da notuna lokacin ɗorawa, ba a bari ta shige da kanta ba, ko an bar nauyinta ya rataya a kan filet. Ɗaya daga cikin 'yan ƙusoshin da ke daidaita kwanon giya da injin ma babu shi. Waɗannan 'yan ƙarafa ba su kai tsawon yatsa ba, amma su ke sa sandar giya ta tsaya daidai tsakiyar injin.

Tare muka je kasuwar Ƙofar Ruwa sayen kaya, kuma wannan rakiya a wurina tana cikin aikin da na biya, domin kwali mai suna ba shi ne kaya na gaske ba, jabu ya yi yawa a kasuwanni. Ya tafi da tsohon filet, ya kuma dage cewa a zaɓi kuloci da lambar giyar da ke cikin motar yanzu, kada a bi lambar jikin mota. Da muka dawo, kafin a ɗaura komai, sai da ya zura sabon filet a sandar giyar ya ga yana zamewa gaba da baya ba cijewa.

Aisin kamfanin Japan ne da ke cikin rukunin Toyota, kuma ya daɗe yana ƙera mata kuloci da giya. Saitin ya zauna ba tare da an goge ko an lanƙwasa komai ba. Fedar ba ta da nauyi, tana kamawa wajen tsakiya, a hankali take ɗauka, ba ta fizga. Wannan shi ne abin da na fi so, domin a rairayi kulocin da ke kamawa farat ɗaya haƙa rami yake sa ƙafa. Na loda buhuna na bi hanyoyin Machina da Yusufari da ita, babu zamewa, babu wari, ribas na shiga shiru in na ɗan dakata bayan na take. Kuɗinsa ya fi na gama-gari nesa, amma wanda ya san wahalar sauke giyar Land Cruiser da okzilarinta ba zai so a maimaita ba saboda arahar filet. An kuma wanke fuskar filawil a injin daidaita ƙarfe, an canja robar da ke tare man injin a bayansa tunda ga wuri a buɗe, an mayar da sanda mai tsawon asali, an zuba sabon man birki DOT 3.

Sai halayen garejin. Ba su da sauri ko kaɗan. Motoci sun yi musu yawa, mai garejin kuma ba ya yarda yara su ɗora giya ba ya tsaye, don haka in ya fita aiki ya tsaya. Ranar da suka ce min in zo, na zo na tarar ba a gama ba, kuma samun sa a waya wahala ne. Kuɗin aikinsu ma ya ɗara na sauran garejin da na tambaya, ba ya kuma ragi. Mai gaggawa, ko wanda motarsa ce abincinsa na yau da gobe, ya tsara lokacin da zai iya haƙura da ita kafin ya kai.

Abu ɗaya ya rage ba a yi ba. Robar da ke rufe ramin da cokali ke shiga kwanon giya ta yage tun a kan giyar beljiyam ɗin, ba a kuma samu irinta a kasuwa a lokacin ba. Ta nan yashi da ruwa ke shiga su kashe boris. Ya ɗaure wurin da wata roba na wucin gadi, ya ce in kauce wa tsallaka ruwan fadama har sai ta asali ta iso, in kawo motar a saka kafin damina ta kankama.