Yaro na gudawa: me za ka sayo a kemis?

Da damina ta kankama, ruwan rijiya ya gurɓace, sai ka ji gida-gida yara na gudawa. Mata su ce haƙori ne. Maigida kuma ya nufi kemis da 'yan canjinsa, ya ce a haɗa masa magani.

Abin da aka fi miƙo wa mutum shi ne kafso ɗin nan ja da rawaya, irin wanda masu faranti ke shanyawa a rana ran Juma'a a kasuwar Wudil. Yawanci tetracycline ne, yana rina haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba, kuma rinin ba ya fita. Flagyl ma ya zama kamar goro, kowa na bayarwa, alhali galibin gudawar yara ƙwayar bairos ce ke kawo ta, wadda babu ruwanta da shi. Ƙwayar tsayar da gudawa kuwa ba ta ƙananan yara ba ce.

Abin da ke kashe yaro ƙarewar ruwan jiki ne. Don haka ka ce a ba ka ORS, wato garin gishiri da sukari, da ƙwayar zinc, waɗanda sau da yawa a ƙunshi ɗaya suke. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ka taɓa ledar: idan garin ya dunƙule, danshi ya shiga, ajiye musu abinsu. Yawancin ledojin ORS na narkarwa a ruwa lita 1 ne, wato fiya wata biyu, amma a karanta jikinta. A riƙa ba yaron da cokali, ko ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Ragowar da ta wuce awa 24 a zubar. Zinc ƙwaya ɗaya ce kullum har kwana 10 zuwa 14, rabi ga jaririn da bai kai wata 6 ba. A nan ake yawan sakaci: da yaro ya fara wasa sai a jefa sauran a ƙasan katifa, alhali zinc ɗin ke ƙarfafa garkuwar jikinsa na watanni biyu zuwa uku.

Canjin da ya rage, sayi sabulu. Na salo ma ya wadatar wajen wanke hannu bayan an yi wa yaro tsarki, ba sai mai tsada ba.

In ka ga jini a kashi, ko maɗiga ta faɗa, ko ya ƙi nono, bar kemis, asibitin sha-ka-tafi mafi kusa za ku.