Ƙananan tallace-tallacen The Times ko tallar sabulu mai hoto?

Duk wanda ya buɗe tsofaffin jaridun Landan na ƙarni na 19 zai tarar da talla iri biyu. Na farko shi ne irin na jaridar The Times, wadda shafinta na gaba ba labari ko ɗaya, sai ƙananan sanarwa cunkushe da ƙananan haruffa: mai neman kuku, jirgin ruwa mai tashi zuwa Indiya, gidan haya, uwa mai cigiyar ɗanta da ya ɓace. Akwai kuma haraji a kansu, domin gwamnati tana karɓar sule uku da sisi a kan kowace talla, aka rage zuwa sule da sisi a 1833, kafin a soke shi a 1853. The Times kuwa ba ta sauya wannan tsari na shafinta na gaba ba sai 1966.

Na biyu shi ne mai hoto, wanda ya samu gindin zama a jaridu irin Illustrated London News, da aka kafa a 1842. Thomas Barratt na kamfanin sabulun Pears ya sayi hoton da mai zane John Everett Millais ya yi na wani yaro mai kallon kumfa, ya sa sunan sabulunsa a kai. Wajen jan ido da sayar da kaya, wannan ya yi wa na farko fintinkau.

Ni dai ƙananan nan sun fi kama zuciyata. Hoton Pears buƙatar ɗan kasuwa kaɗai ke cikinsa, amma a layi uku na The Times za ka ji muryar baiwar Allah da ke neman aikin raino, tana lissafa harsunan da ta iya.