Rigar haya ta fitar da ni kunya, amma ƙafata ce ta biya

Katin gayyatar ya iso hannuna saura mako 5. Ƙungiyarmu ta ma'aikata ce ta shirya liyafar ƙarshen shekara, irin wadda ake yin jawabai, a raba lambobin yabo, sannan a buɗe fili a yi rawa har tsakar dare. A can ƙasan katin, da ƙananan haruffa, aka rubuta ƙa'idar sutura: bilak tai. Watan kuwa ya zo min da nauyi, kuɗin makarantar yara da na hayar gida duk sun taso a lokaci guda. Sunana yana cikin waɗanda za a kira su hau dandamali, don haka babu maganar in ƙi zuwa.

Abu na farko da na yi, kuma shi ya fi rage min asara, shi ne na tsaya na fahimci abin da ake nufi da wannan ƙa'ida. Ga maza, baƙar kwat ce mai ƙyallin satin a wuya, da farar shat, da baƙin nektayi mai siffar malam-buɗe-littafi. Ga mata, doguwar riga har ƙasa. Shi ke nan. Akwai mataki na sama da shi, wanda maza ke sa kwat mai jela da farin nektayi, irin wanda ake tilastawa a babbar liyafar gidan opera na Biyana a ƙasar Ostiriya, inda ko a ƙofa ba za a bar mace ta wuce da gajeriyar riga ba. Da na gane ba wannan ake nema a wurinmu ba, sai na soke safar hannu mai kai wa gwiwar hannu da siket mai faɗin laima daga lissafina. Asalin bilak tai ma sassauci ne. A 1865 shagon ɗinki na Henry Poole da ke Landan ya ɗinka wa Yariman Wales gajeriyar kwat ta zaman dare, don ya huta da mai jela, daga baya Amurkawa suka laƙaba mata suna tuxedo, daga sunan unguwar Tuxedo Park da ke jihar New York, inda ta yi suna wajen 1886. Sanin cewa sutura ce da aka ƙirƙira don a sami sauƙi ya kwantar min da hankali ƙwarai.

Hanya uku ce a gabana: in sayi sabuwa mai araha, in nemi ta hannu, ko in yi haya. Sababbi masu araha na gwada huɗu. A madubin shago duk sun yi kyau, amma da na ɗauki hoto da hasken waya sai asirinsu ya tonu. Satin ɗin roba yana mayar da haske kamar leda, kowane ɗinki ya fito, gefen zif ya tattare, kuma biyu daga cikinsu ko shafi babu. Araha ba ta ado, in ji masu magana, kuma a yadi mai ƙyalli maganar ta fi gaskiya. Ta hannu kuwa tana son lokaci da sa'a. Na ba ta ƙarshen mako biyu ban dace ba, sai na koma ga haya.

Hayar kayan liyafa tsohuwar sana'a ce. Kamfanin Moss Bros na Ingila ya fara ba maza hayar kwat tun 1897, Rent the Runway kuma ya buɗe a Amurka a 2009 yana ba mata hayar riguna ta intanet. Wanda na yi hulɗa da shi ba ɗaya daga cikinsu ba ne, wani ƙaramin kamfani ne mai irin wannan tsari, kuma ba zan kama sunansa ba. Za ki zaɓi riga a shafinsu, ki saka ranar bikinki, su aiko miki da ita ta kwana 4, ki mayar ba tare da kin wanke ba.

Abin da ya fi burge ni a shafin shi ne hotunan matan da suka taɓa hayar kowace riga, kowacce ta rubuta tsayinta da lambar da ta sa. Hoton kamfani na 'yar talla ce doguwa siririya, ba ya gaya miki komai game da jikinki. Amma da na ga mace mai tsayina da faɗin kafaɗata a cikin riga, tana tsaye a falonta, nan take na san ko za ta karɓe ni. Inda suka gaza shi ne wajen tacewa. Ana iya zaɓar launi da lamba, amma babu inda za ki ce dogon hannu kike so, ko wuyan da bai sauka ba. Ni kuwa abin da nake nema ke nan. Dare uku na yi ina bin riguna ɗaya bayan ɗaya, aikin da maɓalli guda zai yi cikin daƙiƙa.

Yayata ce ta yi min awo, don ta taɓa koyon ɗinki. Ta auna ƙirji, ƙugu, mazaunai, da tsayi daga gindin wuya zuwa ƙasa, ina sanye da takalmin da zan sa a ranar. Ta ce, "Ƙanwata, manta da lambar da kika saba sa. Kowane kamfani da nasa lissafin, tef kawai za ki yarda da shi." Gaskiyarta. A jadawalinsu na faɗa lamba ɗaya sama da wadda na sani.

Na zaɓi wata shuɗiya mai duhu ƙwarai, ta yadin kirif, mai dogon hannu, babu dutse ko ɗaya a jikinta. Da gangan na yi haka. Yadin da ba ya ƙyalli yana ɓoye kuskuren ɗinki da lanƙwasar jiki, launi mai duhu kuma ba ya nuna tabo. Sannan a ƙarƙashin fitilun dare shuɗi mai duhu yakan fi baƙi zurfi, shi ya sa ma wasu maza suka fi son kwat ɗinsu da wannan launi. Riga mai duwatsu da ta sha hannu kuwa, da wuya ki same ta ba ta zubar da wasu ba.

Sai a shafin biya na ga cewa kuɗin da aka manna a jikin hoton ba shi ne ƙarshe ba. An ƙara na aike, an ƙara na inshorar ƙananan tabo, sannan aka riƙe kuɗin ajiya a katina har sai rigar ta koma. Wannan na ƙarshe shi ya fi ci min rai. Kuɗina ne, za su dawo, amma ga wadda take lissafin kowane kwabo, kuɗin da aka ɗaure mako biyu kamar babu su ne. Ya kamata a faɗi wannan tun a farko, kafin mutum ya kwana uku yana zaɓe. Akwai kuma tara a kan kowace ranar da aka makara wajen mayarwa. Duk da haka, da na haɗa komai, bai kai rabin kuɗin rigar da ta fi dama-dama cikin huɗun da na gwada ba, ga shi kuma yadin ba a haɗa su.

Ranar Alhamis ɗan aike ya kawo, liyafa kuma Asabar. Riga biyu suka zo a jaka ɗaya, lambar da na zaɓa da ta ƙasa da ita, kyauta, don in gwada. Wannan tsari ya cancanci yabo. Tsaf suke, babu tabo, sai ɗan warin maganin wanki da ya fita bayan na rataye su dare ɗaya. Ƙananan tattarewar hanya ma tururin ruwan wanka ya miƙar da su, ban kai dutsen guga kusa ba. Babbar ta zauna min a kafaɗa da ƙugu kamar don ni aka yanka.

Matsalar tana ƙasa. Rigar ta fi abin da aka rubuta tsayi da kusan santimita 5, tana sharar ƙasa ko da na hau takalmina. Yaya ta ɗaga siket ɗin ta duba saƙar, ta ce a karkace aka yanka yadin. Salon da Madeleine Vionnet, mai tsara tufafi 'yar Faransa, ta yi suna da shi ke nan a shekarun 1920: maimakon a bi tsayin zare, sai a yanka a kusurwar digiri 45, yadin ya sami miƙewa, ya riƙa bin jiki yana zuba kamar ruwa. Kyan rigar daga nan ya fito, aibinta ma daga nan. Irin wannan yanka yana sauka in ya daɗe a rataye, shi ya sa tela mai hankali yake rataye riga ta kwana kafin ya yi mata kalmasa. Rigar haya kuwa rabin rayuwarta a rataye take yi. Ina zaton awon da ke shafinsu na ranar da ta zo sabuwa ne, babu wanda ya sake sa mata tef.

Da tawa ce, aikin rabin awa ne a hannun Yaya. Amma yarjejeniyar ta hana yanka, ta hana ɗinki, ta hana manna komai. Na kira su. Wadda ta ɗauka ta yi min magana cikin ladabi, ta ba ni haƙuri, amma ko ɗinkin hannu na wucin gadi da za a warware daga baya ta ce ba a yarda ba, kuma lokaci ya ƙure da za su aiko da wata. Ƙaramar lambar ba ta rufe min a ƙirji. Na fahimci dalilinsu, riga ɗaya mata da yawa ke jira. Sai dai kuskuren awo nasu ne, ni aka bar wa ɗaukarsa. A nan ne na ga iyakar haya ƙarara. Abin da ke sa riga ta yi kama da mai tsada shi ne yadda ta zauna a jiki, kuma wannan gyara na ƙarshe shi ne kaɗai abin da kuɗin haya ba ya saya miki.

Yaya ta shiga ɗaki ta fito da takalminta mai tsini, wanda ya fi nawa tsawo. Ta ce, "Sa wannan ki yi ta zagaya falo har gobe, ki saba." Tsayin ya daidaita, bakin rigar ya tsaya yana ɗan taɓa ƙasa yadda ake so. Na haɗa da 'yan kunnen mahaifiyarmu, da wata ƙaramar jakar hannu baƙa da na daɗe da ita, da mayafi mara nauyi. Ban sayi komai sabo ba. Maigidana shi ma baƙar kwat ɗinsa ya kai aka wanke aka goge, ya sayi nektayin kawai. Ba ta da satin a wuya, amma a cikin taron babu wanda ya tsaya duba wannan.

A daren, rigar ta yi aikinta. Na hau dandamali, na karɓi lambata, na sauko ban ji ina gyara wuya ko jan hannu ba. Hotunan sun fito da kyau, shuɗin ya yi zurfi, babu ƙyallin leda. Abokan aiki uku sun yaba, ɗaya ta tambayi inda na samu, na gaya mata gaskiya, sai ta ce ita ma tata ta haya ce. Muka tsaya muna kwatanta sharuɗɗan kamfanoninmu a bakin fili.

Akwai wani nauyi da ban yi tsammani ba. Duk sanda wani ya gifta da kofi a hannu sai in ja da baya. Duk sanda aka matso kusa a wajen rawa sai in tattare siket, ina tuna kuɗin ajiyata. Inshorar ta ƙananan tabo ce, ba ta yagewa ba. Kayan aro ba ya rufe katara, na ji wannan a jikina, domin ban sake ba yadda nake sakewa a cikin kayana. Ƙafata kuma, a takalmin da ba nawa ba, ta fara ƙuna tun kafin a gama jawabai. Waƙa biyu na taka na koma kujera, alhali rawar ce na fi ɗokinta. Washegari na tashi da ƙuraje biyu a diddige.

Mayarwa ba ta ba ni wahala ba. Jakar da suka zo a ciki tana da takardar aike a manne, na saka duka biyun na miƙa ranar Litinin da safe. Kuɗin ajiya sun dawo cif bayan kwana 9, ba a cire komai ba. Na rubuta musu cewa su sake auna tsayin rigar, na kuma sa hotona a shafin da tsayina da na takalmin, don wadda za ta zo bayana.

Idan liyafarki ɗaya ce tak, lokaci ya ƙure, kuma ke doguwa ce ko kin saba da tsini, ki yi haya, za ki sa yadin da ya fi ƙarfin aljihunki. Ki tambaye su tsayin rigar na yanzu kafin ki biya, ki nemi ta iso kwana biyu kafin ranar, ki kuma tabbatar kina da sararin kuɗin ajiya. Ni dai an ce liyafar tamu kowace shekara za a riƙa yi, don haka na riga na fara leƙa wuraren kayan hannu tun yanzu, ina neman kirif mai duhu mai dogon hannu, ko da ya yi min yawa. Yaya ta ce in kawo mata shi da takalmina na kaina, mai gajeren dunduniya, ta rataye shi ya kwana kafin ta sa almakashi.