Wasiƙa Daga Kolorado: Abin Da Tambarin Wuyan Zakara Yake Nufi

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Na ga saƙonka game da hoton da na turo, inda kake tambaya me zai sa a busar da fatar wuyan zakara, a sa ta a leda, a manna mata tambarin azurfa ko na zinariya, a rataye a shago. Ni ma shekarata ta farko a Denba, babban birnin jihar Kolorado ta Amurka, haka na riƙa tsayawa ina kallo. Yanzu kuwa abin ya shiga raina, kusan kowane dare sai na zauna a kansa, don haka bari in warware maka.

A kogunan duwatsun nan akwai kifin da ake kira tirawut, wanda ƙwari ne yawancin abincinsa. Masu irin wannan fatsa ba sa sa masa koto na gaske. Ƙwaron ƙarya suke ɗaurawa a jikin ƙugiya, da zare da gashin tsuntsu. Wanda ake so ya tsaya a saman ruwa, gashin zakara ake naɗa masa a bayan idon ƙugiya, silin gashin su miƙe ta kowane gefe kamar ƙafafu, su tallafe shi. Idan silin ya yi laushi ko ya sha ruwa, ƙwaron zai nutse, kifin da ke kiwo a sama ba zai kula shi ba. Duk tsadar da kake gani a kan wannan silin take.

Fata iri biyu ake sayarwa. Akwai ta wuya, wadda suke ce wa kef, akwai ta gadon baya, sadul. Ta wuya tana da gashi tun daga ƙanana ƙwarai a saman kai har zuwa manya a wajen kafaɗa, don haka fata ɗaya tana yi wa ƙugiyoyi masu girma daban-daban aiki. Ta baya gashinta dogaye ne, wani ya kai inci 12 ko ya wuce, guda ɗaya ya ɗaura maka ƙwari da dama, sai dai yawanci girma biyu ko uku kawai za ka samu a cikinta. Ita ƙugiya lissafinta a juye yake: lamba 10 babba ce, lamba 22 sai ka kawo ta kusa da ido kafin ka ga bakinta. Abin da aka saba bi shi ne tsawon sili ya kai faɗin bakin ƙugiya sau ɗaya da rabi. Ka ga ke nan ƙaramar ƙugiya tana buƙatar gashi mai gajeren sili, kuma irinsa ne ya fi wuyar samu a jikin zakara.

Waɗannan zakarun ba na yawo ba ne. Shekaru aka kwashe ana zaɓen iri. Harry Darbee, a yankin Katskil na jihar Niyok, ya yi kiwon masu ruwan toka, ya aika wa Andy Miner na Minesota ƙwai, daga can irin ya bazu. Henry Hoffman a Oregon ya fara a shekarun 1960 da ƙananan kaji wake-wake, ya inganta launin da suke kira girizili, mai zanen baƙi da fari. Buck Metz a Fensilbeniya shi ya mayar da abin babbar kasuwa a shekarun 1970. A 1989 Tom Whiting, wanda ya yi digirin digirgir a kan gadon halittar kaji, ya karɓi irin Hoffman, ya kafa Whiting Farms a garin Delta, can yammacin jihar da nake zaune. A irin waɗannan gonaki kowane zakara kejinsa daban, don kada faɗa ya lalata gashin, kuma sai ya kusa shekara ake cire fatar.

To, ga batun tambari, wanda shi ne ya fi ruɗar sabon shiga. Metz lamba suke sawa: 1, 2, 3, ta ɗaya ce a sama. Whiting kuwa da ƙarafa suke jera nasu: tagulla, azurfa, zinariya, sai filatinam wanda ba kasafai ake ganinsa a shago ba, sannan a ƙasan tagulla akwai wanda suke kira Pro Grade. Duk wanda ya ga wannan jeri zai ɗauka gashin tagulla ba shi da kyau, na zinariya ne mai kyau. Na daɗe da wannan tunanin. Gaskiyar ita ce iri ɗaya ne, gona ɗaya ce, watakila ma zakarun 'yan uba ɗaya ne. Abin da tambarin ya fi aunawa shi ne yawa: gashi nawa ne a fatar, tsawon wurin da ake iya amfani da shi a kowane gashi, ƙananan sun kai wace lamba, akwai karyayyu ko waɗanda ba su gama fitowa ba. Wato ƙwari nawa za ka ɗaura kafin fatar ta ƙare. Ƙwaro lamba 14 da aka ɗaura da gashin tagulla da wanda aka ɗaura da na zinariya, ka ajiye su a tafin hannu, da wuya ka bambance su, kifi kuwa ba ruwansa da leda.

Wanda sana'arsa ce ɗaura ƙwari yana kai wa shaguna, shi tambarin sama yana iya biyansa, domin lokacinsa kuɗi ne kuma yana son dogon gashi. Irina da ke ɗaura na kansa, tagulla ɗaya za ta yi mini shekaru. A ganina ya fi kyau mutum ya raba kuɗin zinariya ɗaya ya sayi launi biyu ko uku na ƙasa. Ana ma sayar da rabin fata, an tsaga ta a tsaye, duk girman gashin yana ciki. Rabin wake-wake da rabin ja mai duhu sun ishe ka ɗaura Adams, ƙwaron da Leonard Halladay ya ƙirƙiro a Mishigan a 1922, wanda har yau ba a rasa shi a akwatin mai fatsa. Kuma ka sani, lamba 1 ta wannan gona ba ita ce zinariyar waccan ba. Kowace gona da ma'auninta, babu hukumar da ta daidaita su.

Shi ya sa nake cewa gani ya kori ji, kuma a nan ne shaguna suka sha bamban. Ƙananan shagunan fatsa, waɗanda masu su ma masunta ne, za su bar ka ka buɗe leda. Wani dattijo a ɗaya daga cikinsu ya zaunar da ni ya nuna mini abin da ake dubawa, bai ko matsa mini in saya ba. Ka lanƙwasa fatar a hankali, gashin zai tashi, ka ga yawansa da layin ƙananan da ke sama. Ka kama gashi guda ba tare da ka tsige shi ba, ka lanƙwasa shi kamar baka, silin zai buɗe. Ana so su tsaya cak, su cika, tsawonsu ya zo ɗaya daga ƙasa har sama, su yi ƙyalli. Ka taɓa su a leɓenka, mai ƙarfi zai ɗan soke ka. Sai ka duba gindin gashin, inda yake da laushi kamar auduga. Wannan wurin shi ke shan ruwa, yanke shi ake yi a yar, don haka in ya hau sama da yawa an rage maka gashi. Abu na ƙarshe, wanda na fi ba wa muhimmanci, shi ne karan tsakiya. Ana so ya zama siriri mai biyayya. Mai kauri yana tsagewa, wani kuma murɗewa yake yi in ana naɗa shi, silin su kwanta ta ko'ina. Babu tambarin da zai faɗa maka wannan, sai yatsunka.

Manyan kantunan kayan wasanni suna da kaya, amma ledar a rufe take, yaron da ke wurin kuma sau da yawa jiya a sashen takalma yake. Intanet ta fi kowa yawan launi, kuma wasu masu sayarwa na kirki ne: ka rubuta musu cewa ƙananan lambobi kake so, su zaɓo maka da hannu. Wasu kuwa hoto ɗaya suke sawa ga fata ɗari. Na taɓa sayen wata mai arha daga wani da ya rubuta mata lamba ta ɗaya. Da ta iso, ƙananan gashin da ke sama an riga an tsige su, sauran kuma karansu murɗewa yake. Na rubuta masa har sau biyu, bai amsa ba. Abin ya ɓata mini rai, ba don kuɗin kaɗai ba, don na yi mako biyu ina jiranta da shirin fita kogi.

Akwai fatun da ake shigowa da su daga Indiya da Sin, masu sauƙin kuɗi. Kada a raina su, amma a san aikinsu. Na Indiya ƙanana ne, gashin gajere, sau da yawa sai ka haɗa biyu a ƙwaro ɗaya, ƙananan lambobi kuma kaɗan ne. Na Sin gashinsu dogo ne mai laushi, ya dace da manyan ƙwarin da ake ja a cikin ruwa kamar ɗan kifi. Fatar kaza mace ma haka, laushinta ake nema don ƙwaron da ake so ya nutse yana motsi. Laushin da yake aibi a wancan aikin shi ne abin nema a wannan. Daga Leyon ta ƙasar Sifen kuma ake samun gashin kafaɗar zakara mai ɗigo-ɗigo da sheƙi, wanda aka fi yin wutsiyar ƙwaro da shi, har akwai rubutun hannu na garin Astorga na 1624 da ya yi bayaninsa.

Tsofaffin masu ɗauri har yanzu suna ba da labarin 2011, lokacin da saka dogon gashin zakara a kitso ya zama yayi a Amurka. Masu gyaran kai suka riƙa kwashe fatun baya daga shagunan fatsa, farashi ya yi tashin gwauron zabo, wake-wake ya yi wuyar gani. Zakara ba ya girma a wata ɗaya, don haka gonaki ba su iya cike giɓin nan take ba.

Ajiya ma aiki ce. Asu da wasu ƙananan ƙwaro suna cin fata da gashi. Duk sabuwar da ta shigo hannuna, musamman wadda ba daga gona kai tsaye ta fito ba, sai ta kwana a firiza kwanaki, in fitar, in sake mayarwa, sannan ta shiga ledarta ita kaɗai, nesa da rana.

Yanzu haka ruwan toka nake nema, domin ƙwarin da ke tashi a kogin Sawus Filat in sanyi ya fara ja baya ƙanana ne, lamba 18 zuwa 22. Dattijon ya ce kaya za su iso masa mako mai zuwa, zai ware mini rabin fata uku in zo in lanƙwasa su da kaina. In na ɗaura na farko zan ɗora shi a kan farcena in ɗauko maka hoto, ka ga ƙanƙantarsa.

Ka gaishe mini da Inna da yara duka.

Ƙaninka.