Hattara da masu sayar da burbushin tirilobayit na roba a Facebook

Assalamu alaikum jama'a. Masu sha'awar tara duwatsu da burbushin halittun zamanin da, ku saurara, don abin da ya same ni ba na so ya sami wani.

Watanni biyu da suka wuce na ga wani shafi yana tallar tirilobayit, wato wata halittar teku mai sulke wadda ta ɓace daga duniya shekara miliyan 252 da suka shuɗe. Mai shafin ya ce kayansa daga Alnif suke, a kudu maso gabashin Maroko. Wannan ne ya sa na saki jiki, domin Alnif da Erfoud sun yi suna a duniya wajen haƙo irin waɗannan burbushi, musamman na zamanin Debon, mai shekara wajen miliyan 400. Na tura masa kuɗi, bayan kwana goma kaya suka iso.

Da na buɗe kwalin har na yi murna, baƙi wuluk, yana sheƙi a kan dutsensa. Sai da na ɗauko gilashin ƙara girma na duba bayansa, na ga ƙananan ramuka birjik kamar an caccaka da allura. Kumfar iska ce da ke makalewa idan an zuba ruwan roba a cikin mazubi. Na ɗora allura a wuta ta yi ja, na taɓa gefensa, nan take ta nutse, warin ƙonannen leda ya tashi. Dutse ba ya haka.

Yadda suke yi shi ne, su sami na gaske guda ɗaya su kwafi siffarsa, su zuba roba, su fafe dutsen yankin na ainihi su manna a ciki, sannan su rufe gefen da garin dutse da gam. Shi ya sa dutsen yake da nauyi har mutum ya yarda. Ku duba inda jikin halittar ya haɗu da dutsen, za ku ga launin ya ɗan sha bamban.

Abin da ya fi ba ni takaici, alamar gaskiya ce na ɗauka aibi. Masu haƙa a can guduma suke sa wa dutse su fasa, sai sun hango halittar a tsakiyar fashewar su mayar su manne, sannan a yi kwanaki ana kankare ta. Don haka na gaske yawanci yana da siririn tsagi da ya ratsa dutsen da halittar gaba ɗaya. Ni kuwa na zaɓi wanda ba shi da ko ƙwarzane. Haka kuma irin da ake kira Phacops, idonsa na da ƙananan ƙwayoyi a jere reras, nawa kuwa idon sumul yake kamar an goge.

Da na koma hotunan shafin, sai ga guda uku masu lanƙwasa iri ɗaya sak, har da tabo a wuri guda. Na yi masa magana, ya ce wai zafin hanya ne ya lalata shi, daga nan ya toshe ni. Yanzu ya canza wa shafin suna, amma hotunan dai su ne.

Kafin ku tura ko sisi, ku nemi bidiyo na kusa na idon da bayan, a cikin hasken rana, da takarda mai sunanku ajiye a gefe. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.